Tsohuwar Peugeot 504: A Tayar da Ita ko a Kira 'Yan Gwangwan?

A gidaje da dama a Kaduna da Zariya da Kano, har zuwa Maraɗi da Damagaram, akwai motar da ta shekara goma ko fiye ba ta motsa ba. Galibi Peugeot 504 ce. Tayoyi sun sace ko an ɗora ta a kan bulo, ƙura ta rufe gilasai, rana ta cinye fenti. Mai ita ya rasu, ko tsufa ya hana shi tuƙi, ko kuwa wata safiya ce ta ƙi tashi aka ce a bari sai kuɗi sun samu. A irin wannan gida ba a rasa mutum biyu masu ja-in-ja a kanta. Ƙane yana cewa, "Yaya, motar Baba ce fa, mu gyara ta." Wa yana cewa, "Ka bar zancen nan, a kira 'yan gwangwan su auna ta kowa ya huta." Kowannensu yana da hujja, kuma ba adalci ba ne a kore ɗaya da cewa son zuciya ke jan sa, ko ɗayan da cewa ba ya ganin girman uba.

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake fafatawa a hanyoyin laka da ƙura na Kenya, Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ne ya tuƙa ta. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna. A shekarun farko jiragen sama na dakon kaya ne ke kwaso sassan daga birnin Liyon na Faransa su sauke a Kano, daga nan a wuce da su Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki hanyar rage facaka, 504 ta zama motar jami'an gwamnati tun daga sama har ƙasa. Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. A Nijar wasu ta hamada suka shigo: matasan Turai kan sayi tsohuwa a can, su keto Aljeriya ta Tamanrasset, su sayar da ita a Arlit ko Agadas ko Yamai, su koma gida a jirgi.

Masu cewa a sayar da lissafi suke farawa, kuma lissafinsu bai karkace ba. Motar da ta daɗe a ajiye ba ciwo ɗaya ke damunta ba. Duk robar da ke jikinta ta bushe: tiyon lagireto, tiyon mai, robobin birki, bel ɗin fanka, robobin ƙofa da na gilashi. Man birki yana shan danshin iska, ya sa tsatsa ta ci bututu ta ciki inda ido ba ya gani. Ɓeraye sun tauna wayoyi, sun yi gida a kujeru. Taya ko zanenta bai ci ba, gefenta ya tsattsage. Ga batir, ga fenti, ga takardun da wa'adinsu ya ƙare tun tuni. Mutum yakan shiga da niyyar tayar da inji kawai, sai ya tarar kowane gyara yana jawo wani. Kafin ya ankara ya kashe kuɗin da zai sayi motar hannu mai lafiya, wadda zai hau yau ya kai yara makaranta. Da yawa kuma ba sa kaiwa ƙarshe. Kuɗi su yanke a tsakiya, mota ta tashi daga gida ta koma gareji a wargaje, sassanta su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari abin da ya rage bai kai abin da aka kai ba.

Kuɗin da aka zuba kuma ba ya dawowa. Labarin da ke ruɗin mutane shi ne irin na Mercedes-Benz 300 SLR ɗin nan da aka sayar a 2022 kan yuro miliyan 135. Waccan guda biyu kacal aka taɓa ƙera irinta. Ko a cikin dangin 504, masu tara tsofaffin motoci a Turai sun fi zuba kuɗi a kan mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, ba salun da wagon da a-kori-kura da muke da su ba, waɗanda aka ƙera da yawan gaske. A Ingila motar da ta wuce shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya da gwajin shekara-shekara, a Faransa kuma wadda ta kai 30 tana iya samun rajista ta musamman. Mu a nan, ko ka mai da ita sabuwa fil, dillali kallon tsohuwar mota zai yi mata, ya taya yadda ya ga dama.

Sai zancen mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. 504 mai kafireta in ta sha lita 10 a kilomita 100 a kan babbar hanya an gode Allah, a cikin gari ta fi haka.

Akwai wata magana da ake yawan yi a majalisa, cewa motar zamanin da ƙarfe ce, ta yanzu gwangwani. Masu adawa da gyara suna da amsar da ba ta da kaushi amma ta isa. A 2009 wata cibiyar gwajin haɗarin mota ta kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 suka yi karo gaba da gaba. Sabuwar gabanta ya lotse amma mazaunin direba ya tsaya da siffarsa. Tsohuwar kuwa mazaunin ne ya rufta. Motar zamani an ƙera ta ne don ta lotse ta shanye ƙarfin karon, mutum ya tsira. 504 ta fi waccan ta 1959 tsari nesa ba kusa ba, amma ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa. Wanda zai ɗauki iyalinsa a cikinta ya hau hanyar Kaduna zuwa Zariya tsakanin tireloli da tankokin mai, ya kamata ya san abin da ya zaɓa.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta gado. Mota tana cikin dukiyar da mamaci ya bari, haƙƙin magada ce gaba ɗaya, har da matansa da 'ya'ya mata da marayu ƙanana. Ɗa ɗaya ba shi da ikon riƙe ta shekara da shekaru don yana ƙaunarta, alhali ƙanwarsa tana neman kuɗin jarrabawa. Ƙaunar uba ba ta halatta danne rabon 'yar'uwa. Daga nan kuma wasu ke ƙarawa da tambaya: a lokacin da maƙwabci ke kwana da yunwa, zuba dukiya a kan ƙarfen da ba a buƙatarsa ba almubazzaranci ba ne?

Masu son gyara in suna da gaskiya ba za su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya kamata su fara nunawa shi ne, sau da yawa ana yanke wa motar hukunci ba tare da an ɗaga bonet ba. An ce "injin ya mutu", alhali ba wanda ya duba.

Injin 504 da aka fi sani a ƙasar nan mai silinda huɗu ne, cc 1971, yana zaune a karkace, gangar jikinsa ƙarfe, tof silinda alminiyam. Babu kwamfuta a jikinsa. Abu huɗu yake nema ya tashi: matsi a cikin silinda, wuta a fulogi, mai daga kafireta, da kowanne ya zo a kan lokacinsa. Kuskuren da ke kashe injin da ya daɗe a kwance shi ne a ɗaura sabon batir a murɗa makulli don a gani. Shekarun da ya yi, baƙin mai ya tsiyaye ya koma ƙasa, jikin silinda ya bushe, wataƙila ringi ya manne da tsatsa. Kik ba ya tambaya, da ƙarfi zai juya, ringi ya karye ko ya karce silinda. Injin da ya tsira daga shekara goma na zama sai ya lalace a cikin daƙiƙa goma.

Bakanike mai hankali ba haka yake yi ba. Da farko zai zaro sandar auna baƙin mai ya duba. In man ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da madara, ruwa ya shiga, kuma aikin ya girma. In baƙi ne kawai, sai ya cire fulogai duka huɗu, ya ɗiga mai a kowace silinda, ya bar shi ya kwana biyu ko uku yana ratsawa. Sannan ya sa sifana a kan fulin gaba ya gwada juya injin da hannu, a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. Nan ne ake sanin gaskiya. In ya zagaya sumul ba inda ya cije, rabin tsoro ya tafi. In ya ƙi, ba a dukansa, ana ƙara mai ana ƙara haƙuri, in ya ci tura a buɗe.

Daga nan sai mai. Tsohon fetur ba ya ƙonewa yadda ya kamata, yana komawa danƙo mai wari ya toshe duk ƙaramar kafa. Dole a zubar da shi, a sauke tanki a wanke, a wargaza kafireta a busa jet-jet ɗinta ɗaya bayan ɗaya. Da yawa ma a gwajin farko ba sa amincewa da tankin, sai su ba injin mai daga galan mai tsabta. Wuta kuma daga kwantak ake farawa: a goge bakinsa ko a canza, a daidaita tazararsa wajen milimita 0.4, a duba kwayil, a jera wayoyin fulogi bisa tsarin tashin silindun, 1-3-4-2. A zuba sabon baƙin mai da sabuwar matata. Kafin a mayar da fulogai, a yi ta bugun kik har fitilar mai ta mutu, alamar man ya zagaya ya isa metal. Sai a wannan lokacin ake ɗaura fulogai a ja cok a murɗa makulli.

Yakan yi tari, ya kama ya saki, ya sake kamawa. In ya tashi hayaƙi zai turnuƙe wurin na ɗan lokaci saboda man da aka ɗiga. Ba a taka totur. Ana barin sa a sulo, ido a kan ma'aunin zafi, kunne a kan ƙarar ƙasa, ana duba inda ruwa ko mai ke ɗiga. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya san murnar da ke kama mutane, tun daga maigida har yaron gareji. Murnar ta halatta, amma tashin inji ba tashin mota ba ne. Kada ta taka titi sai an sabunta birki gaba ɗaya da tayoyi.

Ko da injin ya gaji sosai, akwai abin da ya sa wannan ya fi na motoci da yawa sauƙin farfaɗowa. Silindunsa ba a jikin gangar aka huda su ba. Kowace silif ce mai zaman kanta da ake zarewa a sa sabuwa. Ana sayen silif da fistin da ringi tare, inji ya koma kan ma'auninsa na asali ba tare da an kai shi an yashe ba. Sharaɗi ɗaya ne: in an cire tof silinda, kada a juya injin sai an danne silif ɗin, don in suka motsa abin da ya toshe gindinsu zai saki, ruwa ya sauka cikin baƙin mai. Tsofaffin kanikawan Peugeot sun san wannan tun suna yara. Abin da ya fi cutar da waɗannan injuna a wajenmu shi ne ɗabi'ar zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, wanda ke cin alminiyam da jikin silif a hankali.

Don haka inji ba shi ne alƙali ba. Jiki ne. Salun da wagon ba su da shasi na daban, jikin ne ke ɗauke da komai. In tsatsa ta huda daɓen ƙasa, ta ci ƙarƙashin ƙofofi da inda ƙafafun gaba ke kamawa, to ko injin yana waƙa motar ta gama, kuma facin walda da fenti ba sa mayar da ƙarfin da ya tafi. A nan ne mu 'yan Arewa muka yi sa'ar da ba mu cika lura da ita ba. Busasshiyar iskarmu tana kare ƙarfe. Motar da ta zauna a Katsina ko Damagaram ba ta sha iskar teku irin ta Legas ba, ba ta kuma taka gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ba. Wasu daga cikin jikunan 504 mafi lafiya da suka rage, a farfajiyoyinmu suke, kuma su ne muke aunawa a kilo.

Me ya sa za a damu? Saboda wannan mota shaida ce. Mu mutane ne masu adana alkyabba da takobi da tambari da littattafan kakanni, muna da Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna. Amma abin da ya shafi inji da masana'anta ba mu saba ɗaukarsa tarihi ba. Peugeot ta buɗe gidan adana motocinta a garin Sosho na Faransa tun 1988. Mu da muka mori 504 sosai, wagon ɗinta ta yi jigila daga tashar Kano zuwa Maiduguri da Sakkwato, a-kori-kurarta ta kai hatsi kasuwa, salun ɗinta ta kai amare ta tarbo alhazai, ba mu damu da adana ta ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne hannun da ya ɗaura ta. Iyayenmu ne a Kakuri suka yi mata walda da fenti da waya. Masaƙun da ke maƙwabtaka da kamfanin sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Yaron da aka haifa a 2005 ya tashi da sanin cewa mota daga Kwatano take zuwa. Ka gaya masa a Kaduna aka harhaɗa motar da shugaban ƙasa ya hau, zai ji ne kawai. Ka nuna masa ita tana tafiya, ka buɗe masa bonet, wannan wani abu ne daban.

Sannan akwai ilimin da ke tafiya da ita. Bakaniken da ke daidaita kafireta da kunne, ya ɗora tafin hannu a kan inji ya gaya maka silindar da ba ta aiki, yau ya manyanta. Yaransa sun koma kan na'urar da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta, kuma ba laifinsu ba ne, abin da kasuwa ke nema ke nan. Sai dai injin 504 makaranta ce da ba ta ɓoye komai. Almajiri yana ganin yadda mai ke haɗuwa da iska, yadda wuta ke tsalle, yadda bawul ke buɗewa. Wanda ya fahimci wannan da hannunsa ya fi gane abin da na'ura ke gaya masa daga baya. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano har yanzu ana samun sassa, sabbi da na hannu, ko da yake sai an yi hattara da jabu. Amma duk motar da aka narkar ta tafi da sassanta, duk tsohon da ya rasu ya tafi da abin da ya sani. Aikin da ake iya yi bana cikin sauƙi, nan da shekara goma sha biyar zai yi wuyar gaske.

Zancen almubazzaranci yana da amsa. Mutumin da ke kiwon doki don hawan Sallah yana kashe kuɗi a kan dawa da ciyawa da mai kula da shi duk shekara, don hawan 'yan kwanaki. Ba wanda ke zarginsa, matuƙar gidansa ya ƙoshi kuma ya sauke haƙƙin da ke kansa, don mun yarda yana riƙe mana wani abu namu. Mai gyara motar da aka harhaɗa a Kaduna shi ma abin da yake yi ke nan, bisa wannan sharaɗin. Wanda zai hana iyalinsa don ya sayi fenti ba ya cikin wannan uzuri. Batun gado ma hanyarsa a buɗe take: a yi wa motar kuɗi a gaban kowa, wanda ke son ta ya ɗauke ta a cikin rabonsa ko ya biya 'yan'uwansa nasu. Daga ranar ta zama tasa, ya yi da ita yadda ya so. Shan mai da hayaƙi da haɗarin babbar hanya kuwa duk sun rataya ne a kan yawan tafiya. Motar da ake fitowa da ita ranar Juma'a ko ranar biki ta zaga gari ta dawo, lissafinta daban da na motar haya.

A cikin masu son gyara ma akwai wata jayayyar. Bakanike zai iya cewa, "Alhaji, me zai sa ka wahala? Mu cire wannan mu ɗaura maka injin Japan, ba ruwanka da kafireta." Masu wannan ra'ayi suna da misali babba. A Kyuba motocin Amurka na shekarun 1950 suna yawo har yau, bayan takunkumin da ya yanke musu sassa tun farkon shekarun 1960, kuma da yawansu injunan dizal na wasu kamfanoni ne a cikinsu. Ba don haka ba da sun mutu tuntuni. Amma larura ce ta sa su, motocin neman abinci ne. A ɗaya gefen akwai ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda ƙa'idarta ta Turin ta fara aiki a 2013. Ruhin ƙa'idar shi ne a bar mota da asalinta gwargwadon iko, in an canza wani abu ya zama wanda za a iya mayarwa, a kuma rubuta abin da aka yi.

Ni a nan ba na tsaka-tsaki. Wanda motar aiki yake nema, ya sayi motar aiki, ya fi masa sauƙi da aminci. Wanda ya ce tarihi yake ceto, to injin yana cikin tarihin, kuma shi ne sashen da ya fi sauƙin gyara. A cire shi a yanke mazauninsa a yi walda don baƙon inji ya zauna, an rasa duka biyun: ba ta zama motar zamani ba, ba ta kuma saura 504 ba. Canjin da ke kare rai ko rage wahala ba tare da yanka ba, irin su bel ɗin kujera mai kyau, sabbin tayoyi, fitilu masu haske, ko wutar lantarki a madadin kwantak, wannan ba laifi, a dai ajiye tsofaffin sassan a kwali tare da motar.

Ba kuma kowace mota mai tarihi ce ake gyarawa ba. Mercedes-Benz ɗin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Onikan, Legas, da ramukan harsasai a jikinta. Wanda zai toshe ramukan ya fesa fenti ya tayar da injin, ɓarna ya yi. Darajarta tana cikin raunin. 504 ɗin gidanmu akasin haka ce. Ba wani abu ya faru a cikinta rana ɗaya ba, abin da ta shahara da shi tafiya ce, don haka ba a gane ta sai tana tafiya. Zama ma shi ke kashe ta, shi ya sa wadda aka gyara dole a riƙa tayar da ita a kai a kai har ta yi zafi.

Da aka auna duka, masu cewa a sayar sun yi gaskiya a kan mafi yawan motocin. Wadda tsatsa ta cinye ƙarƙashinta, wadda ta taɓa mummunan haɗari aka miƙe ta, wadda magada ke buƙatar kuɗinta yau, a sayar. Ko a nan ma gara a sayar wa masu sassa ko wani mai gyara kafin a kai ta sikeli, don gilashinta da giyarta da tof silindarta za su rayar da wata. Sun kuma yi gaskiya cewa ba sana'ar riba ba ce, kuma ba motar doguwar tafiya da yara ba ce. Inda suka yi kuskure shi ne haɗa duka a hukunci ɗaya. Wadda jikinta ke da lafiya, injinta ya juya da sifana, takardunta na nan, kuma akwai mai hali a cikin dangi da zai biya sauran haƙƙinsu, narkar da ita asara ce da ba a mayarwa, don ba za a sake ƙera wata ba.

Ga mai irin wannan mota, kada a sake barin ta wata damina. A raba gadon a san mai ita. A nemo tsohon bakaniken Peugeot ya duba ƙarƙashinta ya juya injin da hannu kafin kowa ya faɗi ra'ayinsa, a kuma roƙe shi ya zo da yaransa su ga aikin. Kwalejojin fasaha da gidajen tarihi na jihohinmu, musamman Kaduna, su sayi salun da wagon da a-kori-kura ko da ɗaya-ɗaya ne tun ana samun masu lafiya, su ba ɗalibai su tayar da su da hannunsu.